Numfashin Manomi: Barin Taba da Farfaɗowar Huhu

Laccar da aka gabatar a garin Baudeta, gundumar Tasawa, jahar Maraɗi



Allah ya ja zamanin sarki. Mai girma magajin gari, masu gari da masu unguwa, Allah ya ƙara girma. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayena maza da mata, ƴan'uwana ma'aikatan lafiya, da ku samarin da kuka tsaya can baya, ina gaishe ku baki ɗaya. Waɗanda suka taso daga Kona da Korgom da Hawandawaki, da baƙinmu na ƙasar Mayahi, sannunku da hanya.

An ce in yi magana a kan taba. Na san a cikin masu saurarena akwai wanda kwalinsa ke aljihu yanzu haka, yana jira in fara zagi ya sulale. Zauna abinka, ba zagi ya kawo ni ba. An sha gaya maka taba tana kisa, har a jikin kwalin an rubuta. Abin da ba a cika gaya maka ba shi ne abin da ke faruwa a ƙirjinka idan ka bari. Akwai wata magana da ake yi a fada da tasha, duk kun san ta: "Ni kam ta riga ta gama da ni. Shekara ashirin ina sha, in na bari yanzu me zai ƙare ni da shi?" Wannan magana ce na zo mu zauna a kanta, don ba gaskiya ba ce, kuma ta kai mutane da yawa kabari tun kwanansu na da sauran amfani ga iyalinsu.

Taba ba ganyen ƙasarmu ba ce. Daga nahiyar Amurka Turawa suka kwaso ta, kuma wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta iso Maroko da Tumbutu. Tun a lokacin malamai ke gardama a kanta. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a 1627, ya yi rubutu yana ganin halal ce. Bayan kimanin shekara 200, daular Shehu Ahmadu ta Masina ta hana ta a ƙasarta. Ƴan Tijjaniyya kun san matsayinsu a kanta tun da daɗewa. A shekarar 2000 muftin Masar, Nasr Farid Wasil, ya ba da fatawar haramcinta. Hukunci hurumin malamai ne, ga su nan zaune, ba zan shiga ba. Abu guda kawai zan ce: Ahmad Baba ya yi hukunci ne da abin da aka sani a zamaninsa, kuma a zamanin nan babu wanda ya san abin da hayaƙi ke yi a cikin huhun ɗan Adam.

Mu ma mun karɓe ta hannu bibbiyu. Ana nomanta da rani a fadamar gulbin Maraɗi. Kakanninmu mata sun rina haƙora da furenta. Tsofaffi suna haɗa garinta da kanwa su zuba a baki ko su shaƙa. Sannan sigari ta zo a kwali. Emmanuel Grégoire, Bafaranshen da ya wallafa littafi a kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yadda fiton sigari zuwa Najeriya ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin tara dukiya a garin. Daga baya wata hanyar ta miƙe arewa, ta Agadas zuwa Libiya. Ƙasar nan ta daɗe tana mashigar taba, kuma duk inda kaya ke wucewa sai wani abu ya zuba. Abin da ya zuba shi ne yau ke kan teburin kowane mai tebur, ana sayar da shi kara-kara, tsakanin ashana da alewa.

Yanzu mu shiga ƙirji.

Iskar da ka shaƙa tana bi ta maƙogwaro, ta rabu dama da hagu, ta yi ta rarrabuwa cikin ƙananan bututu har ta kai wasu ƴan jakunkuna da ido ba ya gani. Babban mutum yana da irinsu miliyan 300 zuwa 500. Bangonsu siriri ne ƙwarai, ta nan iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Kana yin wannan wajen sau 20,000 tsakanin asuba da asuba, ba ka ko lura. A jikin bututun nan akwai majina mai danƙo da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta. A ƙarƙashinta kuma akwai wani gashi ƙanƙane, miliyoyi, yana kaɗawa dare da rana yana turo dattin sama zuwa maƙogwaro, ka haɗiye ko ka tofar. Ku riƙe zancen gashin nan. Mu da hunturu ke kwaso wa ƙura tun daga ƙasar Cadi, mu da ke sussuka da sheƙa, mu da ke bin dabbobi da amalanke a kan rairayi, babu wanda ya kai mu bukatarsa.

A hayaƙin taba akwai sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Uku za mu kama. Akwai nikotin, shi ne ke ɗaure mutum. Akwai kwalta, baƙin danƙon nan da ke rina yatsu da haƙora, ita ke kassara gashin da na ambata, ta hana shi motsi, har ta kashe shi. Akwai kuma iskar gawayi, irin wadda ke halaka mutanen da suka kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin ɗari. Ita wannan tana kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, sai ta tare mata wuri. Shi ya sa za ka ga saurayi ƙaƙƙarfa, ga ƙirji ga damtse, amma a gayya tsoho ya riga shi kai bakin gona, shi yana baya ya dogara da hauya yana haki. Ba ƙarfi ya rasa ba, jininsa ne ba ya ɗauke da isasshiyar iska.

Manomi ba shi da inji. Ƙirjinsa ne injinsa, kuma ba a sayar da wani a kasuwar Tasawa.

To, a ce yau bayan la'asar ka zuƙi karanka na ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta tattara abin da bincike ya nuna game da abin da zai biyo baya. Cikin minti 20 bugun zuciyarka zai fara sauka. Cikin awa 12, wato kafin ladan ya kira asuba, iskar gawayin da ke jininka ta koma daidai da ta wanda ba ya sha. Bayan ƴan kwanaki hanci da harshe za su fara dawowa, ka ji ƙanshin daddawa a miya yadda ka daɗe ba ka ji ba. Tsakanin mako 2 da mako 12 jini zai fi gudana, huhu ya fi ɗaukar iska. Tsakanin wata 1 da wata 9 tari da haki za su ragu. In ka cika shekara, haɗarin ciwon zuciya ya sauka da kusan rabi. Tsakanin shekara 5 da 15, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya koma kamar na wanda bai taɓa sha ba. In ka kai shekara 10, haɗarin ciwon dajin huhu ya zama kusan rabin na abokinka da ya ci gaba.

Mu lissafta da aikin gona. Wanda ya bari yanzu da kaka, kafin ruwan shuka ya sauka ya yi wata bakwai ko takwas. Noman farko zai same shi da wani ƙirji dabam.

Amma akwai wani tarko a makonnin farko da ke mayar da mutane baya, dole in tsaya a kansa. Mutum ya bari, maimakon tari ya ragu sai ya ƙaru, ya dinga fitar da kaki mai duhu da safe. Sai abokai su ce, "Ka gani? Da kana sha lafiyarka lau, barin ne ya tayar maka da ciwo." Sai ya koma. Alhali abin da ke faruwa alheri ne. Gashin nan da kwalta ta kwantar shi ne ya farfaɗo ya kama aiki, yana fitar da dattin da ya taru shekara da shekaru. Wannan tari yakan lafa da kansa. Ba alamar ka koma ba ce, alamar ƙirjinka ya tashi daga suma ce.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. A 2020 wasu masana a Ingila, na cibiyar Sanger da wata jami'a a Landan, sun wallafa bincike a mujallar Nature. Sun ɗebo ƙwayoyin halitta daga bututun huhun mutum 16, masu sha da waɗanda suka bari da waɗanda ba su taɓa sha ba, suka duba su ɗaya bayan ɗaya. A wajen masu sha, mafi yawan ƙwayoyin sun sami illa. A wajen waɗanda suka bari kuwa, an sami wasu da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyinsu suna nan garau, kamar hayaƙi bai taɓa bi ta kansu ba. Har da mutanen da suka yi shekara 30 ko 40 suna sha. Fahimtar masanan ita ce, akwai wasu ƙwayoyi da ke laɓe, hayaƙi bai cim musu ba, da zarar an bari sai su yaɗu su maye gurbin waɗanda suka lalace.

Wannan ba zai yi muku wuyar ganewa ba, don kun gani a gonakinku. Dattawan da ke nan sun tuna yadda ƙasar nan ta zama fayau bayan farin 1973 da na 1984. An yi ta kawo dashe, yana mutuwa. Sai a shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin reshe biyu ko uku suna gyarawa. Sassaben zamani ke nan. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar, gawo da kalgo da sabara da aduwa, ba tare da an dasa su ba. Ba a zuba wa ƙasar wani magani ba, gatari aka ɗaga mata. Haka huhu yake. Kowane kara sara ne a kan toho.

Sai dai kun san kututturen da aka tone aka ƙone ba ya sake toho, kuma ba zan ɓoye muku irinsa a huhu ba. Ƴan jakunkunan iskar nan, idan hayaƙi ya yayyaga bangonsu suka haɗe, ba sa dawowa. Wannan shi ne ciwon da za ka ga dattijo zaune a zaure, ba ya iya tafiya masallaci sai ya tsaya sau biyu, yana tsuke baki yana fitar da numfashi, ana cewa tsufa ne ko asma. A 1977 Charles Fletcher da Richard Peto, da suka bi ma'aikata maza a Landan shekaru suna auna numfashinsu, sun nuna abu biyu. Kowane mutum ƙarfin huhunsa na raguwa sannu a hankali yayin da yake tsufa, amma na wasu mashaya yana zubewa da gudu. In mutum ya bari, abin da ya tafi ya tafi, sai dai gudun yana tsayawa, raguwar ta koma irin ta kowa. Wato ko wanda huhunsa ya riga ya taɓu, barin taba shi ne zai yanke ko zai ƙarasa tsufansa yana zuwa masallaci da ƙafarsa ko a kwance.

Ku kuma tuna inda muke. Wanda numfashinsa ya ƙare a Faransa, ana kai masa tukunyar oksijin har gida. Mu fa? Cibiyar da ake gasa ciwon daji da na'ura a ƙasar nan a Yamai take, sai a 2021 ta fara wannan aiki, kuma tsakaninmu da ita ya fi kilomita 700. Ciwon dajin huhu ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki, yawanci ba a gano shi sai ya yi nisa. Maganin da ke hannunmu, wanda ba ya bukatar kuɗin mota ko sayar da tunkiya, shi ne bari.

Masu cewa shekaru sun ja, ga labarinku. A 1950 masana biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka nuna alaƙar taba da ciwon dajin huhu. Doll ɗin kansa mashayi ne. Da ya ga inda lissafin ya dosa sai ya bari, ya rayu har shekara 92. A 1951 suka fara bin likitocin ƙasarsu, maza fiye da 34,000, aka yi shekara 50 ana rubuta wanda ya mutu da abin da ya kashe shi. Sakamakon da aka fitar a 2004 ya nuna cewa wanda ya sha har ƙarshe yana asarar kimanin shekara 10. Wanda ya bari yana ɗan shekara 30 ya ceto kusan duka. Mai shekara 40 ya ceto 9, mai 50 ya ceto 6, mai 60 ya ceto 3. Rai da ajali na Allah ne, babu mai musu. Amma shi ya ce mu yi sababi, kuma babu wanda ke ƙin shuka don ya san arziki na Allah ne. Baba, ko kana da sittin, damina uku ba wasa ba ce.

Wani zai ce, "Ni ba mashayi ba ne, kara ɗaya ko biyu ne bayan abinci." An duba wannan ma. Wani babban nazari da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara 20. Ragewa hanya ce, amma ba masauki ba ce.

To me ya sa barin ke da wuya? Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa. Mai kara goma a rana, in kowane kara zuƙa goma ne, sau ɗari ke nan yana koya wa ƙwaƙwalwarsa darasi guda kowace rana. Ta saba, in ba ta samu ba ta tayar da rigima. Don haka duk wanda ya ce maka rashin zuciya ne kawai ya hana ka bari, bai san nikotin ba. Amma kai ma da ka ce ba za ka iya ba, azumi ya ƙaryata ka. Kwana 29 ko 30 kana yin wajen awa 14 ba ka kyasta ashana ba, wani lokaci cikin zafin bazara. Sha'awar takan taso maka da hantsi, ta matsa, ka daure, ta wuce. Haka take: tana zuwa ne ta yi ƴan mintoci ta lafa, ko ka sha ko ba ka sha ba. Dabarar da ake koya wa mutane a asibitocin Turai da kuɗi, kai ka iya ta tun kana yaro. Abin takaici, ana kiran magariba wani kafin ya kai dabino baki ya riga ya kunna. In azumi ya zo kana sha, to ka sa niyya biyu a daren farko. Amma kada ka ce sai azumi.

Ga yadda barin yake tafiya. Kwana ukun farko su ne masu zafi, makon farko gaba ɗaya ba daɗi. Saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yunwa, ƙuncin rai. Daga mako na biyu zuwa na huɗu abin yana sauka. Iyayena mata, in maigida ya ce ya bari, makon nan sai haƙuri. In ya yi faɗa a kan gishirin miya, ba da ke yake ba. Kada ki ce masa, "Gara lokacin da kake sha." Kalma ɗaya irin wannan tana rushe aikin kwana goma.

Ka sa rana, ka gaya wa mutane, ka yanke gaba ɗaya. Masana a jami'ar Okusfod sun gwada wannan a 2016 da mutum kusan 700: waɗanda suka yanke rana guda sun fi waɗanda suka bi ta ragewa cin nasara. Kada ka bar kara ko ɗaya a aljihu ko a ƙarƙashin tabarma "saboda baƙo". In sha'awar ta taso, tashi daga inda kake, sha ruwa, sa asuwaki a baki, yi alwala, ja carbi, zagaya gona. Hannu da baki sun saba da aiki, ka ba su wani.

Sai zancen shayi, kuma samari ku matso. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin da ke hana barci a cikin shayi da gahawa da goro. In ka bari, hantar ta koma saurinta na asali, sai kofi ukun da ka saba sha su yi maka aikin biyar ko shida. Zuciya ta dinga bugawa, hannu na rawa, barci ya ƙi zuwa, ka ɗauka rashin taba ne, alhali shayi ne ya yi yawa. A watan farko ka rage shayi, musamman na farko mai ɗaci, kuma kada ka maye taba da goro tuli.

Ita kanta fada, wurin zamanku na shayi, ita ce babbar jarrabawa, don a nan aka koya, a nan kara ɗaya ke zagaya mutum huɗu. Ba zan ce ku bar fada ba, na san ba za ku bari ba, kuma ba laifi ba ce. Wani bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, aka wallafa a 2008, ya bi mutum fiye da 12,000 tsawon shekara 32, ya gano cewa mutane ƙungiya-ƙungiya suke barin taba. In abokinka ya bari, yiwuwar ka ci gaba da sha tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Yadda ta shigo ta hanyar abokai, haka take fita. Ku sami mutum uku a fadarku ku sa rana ɗaya. Ku da za ku tafi bida Kano ko Legas ko Agadas ko Libiya, ku san cewa can ne kaɗaici da gajiya ke sa mutum ya kama ko ya koma. Ku yi alkawarin tun a gida, ku sauka ɗaki ɗaya da wanda ba ya sha.

In ka zame ka sha, ba a rufe ƙofa ba. Mafi yawan waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da dama. Ka duba abin da ya kayar da kai, biki ne ko ɓacin rai ko wani aboki, ka sake sa rana a makon. Akwai kuma magungunan taimako na gaskiya, cingam da filasta masu ɗan nikotin, waɗanda OMS ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2009. Ba a kan tebur ake neman su ba, a tambayi majo ko likita.

Wannan ya kawo ni kan magungunan ƙarya. Ana cewa madara ko nono yana wanke huhu. Nono ciki yake tafiya, hanyarsa dabam da ta iska, in ya bi ta huhu ma shaƙewa za ka yi. Ku sha furarku da nono don abinci ne mai kyau, amma ba ya wanke komai a ƙirji. Haka masu lasifika a ranar kasuwa da ke sayar da garin "wankin huhu". Babu irin wannan magani ko a Yamai ko a Makka. Huhu shi ke wanke kansa in an ƙyale shi.

Wasu kuma sukan bar sigari su koma taba gari. Gaskiya ne ba ta da hayaƙi, amma kanwar da ake haɗa ta da ita tana sa nikotin ya fi saurin shiga jini, kuma tana jawo ciwon daji na baki da na maƙoshi. Kakanninmu da ke sa ta don ciwon haƙori, a yi musu bayani da ladabi. Shisha kuwa, da yaranmu ke gani a birni suna ɗauka wayewa ce, ruwan nan ba ya tace dafin. Zaman awa guda a kanta, hayaƙin da ake zuƙa yakan kai na kara 100 ko fiye, ga gawayi a kai. Ƙasar Mali ta hana ta a 2022. Wanda kuma ya bar taba ya kama tiramol, wannan sai mu yi masa wata laccar dabam.

Taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara a duniya, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wani suka shaƙa. A wajenmu su wane ne waɗannan? Matar da ke kwana ɗaki ɗaya da kai, da jaririn da ke bayanta. Huhun yaro bai gama ginuwa ba, numfashinsa kuma ya fi naka sauri. Hayaƙin uba yana ƙara masa haɗarin ciwon haƙarƙari da ciwon kunne da asma, mai ciki kuma yana iya sa ta haifi ɗa marar nauyi. Lokacin ɗari da ake toshe ƙofa da taga abin ya fi muni. Su matan ma suna da nasu hayaƙin, na itace da kara da kashin shanu, safe da yamma, shekara da shekaru. Za ka ga tsohuwa da ƙirjin mashayi alhali ba ta taɓa sha ba. A yi girki a fili ko a madafa mai taga, a yi amfani da busasshen itace da murhu mai tsimi, a sauke goyo nesa da wuta. Maigida kuma kada ya ƙara mata nasa a kan wanda take sha don ta ciyar da shi.

Kada kuma a ɗora wa taba kowane tari. Shan taba yana kusan ninka haɗarin kamuwa da tarin fuka, kuma mashaya su ne ke makara zuwa likita, don sun saba da tari. Na ce tarin bayan bari yakan lafa da kansa, amma ku bambanta. Duk tarin da ya wuce mako biyu, musamman in da zazzaɓin yamma, ko gumin dare, ko rama, ko jini a kaki, a je likita a ba da kaki a auna, ko mutum ya bari ko bai bari ba. In abin ya fi ƙarfin nan za a tura shi asibitin gunduma a Tasawa. Maganin tarin fuka kyauta ne, wata shida ake sha, kuma ana warkewa in ba a yanke ba.

Kuɗi kuwa lissafinsa gajere ne. A ce kara dala biyar ne, kana shan goma. Dala hamsin ke nan a rana, jika bakwai da rabi a wata, jika 91 da ƴan kai a shekara. Kun fi ni sanin tiya nawa ta hatsi wannan zai auno a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Ranka ya daɗe, mai girma magajin gari, saura roƙo. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, kuma tana da doka mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana tallar taba da shan ta a wuraren taruwar jama'a da motocin haya. Ƙungiyoyi irin su SOS Tabagisme sun daɗe suna fafutuka a kan wannan. Amma dokar da aka rubuta a Yamai ba ta da ƙafar zuwa Baudeta sai an ɗauko ta. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, kuma masu sayar da taba sun san wannan lissafi sarai. Ba jandarma nake roƙo ba. Ina roƙon masu gari su tara masu tebur a yi magana guda: ba a sayar wa yaro, ko ya ce aike ne. Iyaye maza su daina aiken yara sayen taba, su daina cewa "je ka kunno mini" a murhu, don yaron da ya kunno sai ya ja sau ɗaya kafin ya kawo. Kada a ga teburin taba a ƙofar lakwal ko makarantar allo. Limamai su ba abin huɗuba guda kafin samari su watse bida. Mu kuma ma'aikatan lafiya, duk namijin da ya shigo, ko ciwon ƙafa ya kawo shi, mu tambaye shi ko yana sha, mu ba shi minti uku, mu rubuta ranar da ya sa, mu ce ya dawo bayan mako guda mu ji.

Nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Wanda kuma yake jin nauyin yin tasa a gaban surukai, ya same ni a gefe in an tashi.